Idan an ga alamar teku a kan tudu, ruwa ne ya janye ko ƙasa ce ta tashi?

Malamin Labarin Ƙasa:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma akasarin ɗalibaina ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, don haka duk abin da na faɗa musu game da gaɓar teku suna karɓarsa ne a kan amana. A wannan zangon mun zo kan siffofin gaɓa, inda na bayyana musu cewa a wasu ƙasashe ana samun tsohuwar gaɓa a can bisa tudu, da tsakuwarta mai sulɓi da ɓawon kawa a ciki, alhali igiyar ruwa ba ta isa wurin ko a ranar guguwa, sannan a wasu ƙasashen ana samun kwaruruka da dazuzzuka a ƙarƙashin ruwa. Sai wata yarinya ta yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Ta ce, tunda tekunan duniya a haɗe suke, kuma ruwa a cikin ƙwarya ba ya tudu a gefe ɗaya ya yi kwari a ɗaya gefen, ta yaya teku zai ragu a wata ƙasa ya kuma ƙaru a wata? Na ba ta amsar da na iya, amma ban gamsu da ita ba. Ni dai abin da na daɗe ina ɗauka shi ne, gaɓar da aka samu a tudu shaida ce cewa teku ya taɓa fin haka cika. Ina neman a gyara mini idan na yi kuskure.

Alhaji na Bur Sudan:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ba masani ba ne, amma a bakin Bahar Maliya aka haife ni, kakanninmu Hausawa ne da suka taso don aikin Hajji suka zauna a nan. Abin da ka ɗauka shi ne abin da idona ya nuna mini. Idan mutum ya bi gaɓa daga Bur Sudan zuwa Suwakin, zai riƙa ganin dandamalin dutsen murjani a busasshiyar ƙasa, ya ɗara ruwa da 'yan mitoci, kuma idan ya duba da kyau zai ga rassan murjanin da ɓawon halittun ruwa a manne yadda suka rayu. Kowane masunci ya san murjani ba ya tsiro sai a cikin ruwa mara zurfi inda hasken rana ke kaiwa. Tsofaffin gidajen Suwakin da irin wannan dutse aka gina su, haka ma tsofaffin gidajen Jidda da alhazanmu ke wucewa ta gabansu. Tunda murjani ba ya tafiya, to ruwa ne ya tafi ya bar shi. Ban ga wata fassara ba bayan wannan.

Malama daga Jami'a:
Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Shaidar da ka kawo ingantacciya ce, kuma irinta masana suka fi so, domin murjanin da ya mutu a inda ya tsiro ya fi ɓawon da igiya ko mutane za su iya ɗaukowa su yar. Inda zan saɓa maka shi ne hukuncin da ka yanke. Mu ɗauka mutum yana tsaye a cikin gulbi ruwa ya kai masa gwiwa, bayan ɗan lokaci sai ya ga ya kai masa cinya. Mai yiwuwa gulbin ne ya kawo ruwa, mai yiwuwa kuma ƙafarsa ce ke nutsewa a laka, kuma jiƙar da ke jikin wandonsa iri ɗaya ce ko wanne ne ya faru. Haka gaɓar teku take. Alamar da ke jikinta tana nuna cewa tsakanin ƙasa da ruwa an sami sauyi, amma ita kaɗai ba ta faɗin wanda ya motsa a cikinsu.

Dukansu biyu kuwa suna motsi. Ruwan teku yana raguwa a duniya baki ɗaya idan ƙanƙara ta taru a doron ƙasa, domin ruwan da ya tashi ya zama girgije bai komo teku ba, ya daskare a arewacin Turai da Amurka ta Arewa. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da wannan ƙanƙara ta kai matuƙarta, teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. Kafin wannan kuma, wajen shekaru 125,000 da suka wuce, an yi wani zamani mai ɗumi da teku ya ɗara na yau da 'yan mitoci, masana da dama suna cewa tsakanin mita 6 zuwa 9. Saboda haka murjanin da Alhaji ke gani zai iya kasancewa na wancan zamani ne, kuma a nan maganarsa ta yi daidai. Sai dai Bahar Maliya kanta tsaga ce da ke buɗewa sannu a hankali tsakanin Afirka da yankin Larabawa, kuma a irin wannan wuri ƙasa tana ɗagawa a wani sashe fiye da wani. Kafin a yanke hukunci sai an auna shekarun murjanin, sannan a bi dandamalin mai shekaru ɗaya a ga ko tsayinsa ɗaya ne a ko'ina.

Ɗalibi a Suwidin:
Malama, ki ba ni dama in kawo misalin da nake zaune kusa da shi, domin a ganina shi ne amsar tambayar ɗalibar Malam kai tsaye. A arewa maso gabashin Suwidin akwai wani yanki da suke kira Höga Kusten, ma'ana Gaɓa Mai Tudu. A can, a kan wani tsauni mai suna Skuleberget, ana ganin iyakar inda igiyar ruwa ta taɓa wanke dutse a tsayin kusan mita 286 daga matakin tekun yau. Ƙasa da wannan layi duwatsu ne tsirara da filayen tsakuwa mai sulɓi a tsakiyar daji, sama da shi kuma ƙasar da ruwa bai taɓa wankewa ba tana nan kamar hula a kan tsaunin, bishiyoyi sun tsiro a kanta. Babu wani zamani a cikin shekaru dubu goma da suka wuce da tekun duniya ya kai wannan tsayi, ko kusa da shi. Ƙasar ce ta tashi, kuma har gobe tana tashi da kimanin milimita 8 zuwa 9 a shekara, wato kusan mita ɗaya a tsawon rayuwar dattijo mai shekaru ɗari. A ɗaya gefen tekun, a tsibiran Kvarken na ƙasar Finlan, sabuwar ƙasa tana fitowa daga ruwa da kusan murabba'in kilomita ɗaya duk shekara, tsofaffin wuraren ɗaure jiragen masunta suna komawa fadama. Hukumar UNESCO ta sanya yankin na Suwidin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ta haɗa da na Finlan a 2006, saboda wannan dalili.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mutanen wurin su ma da farko fassarar Alhaji suka yi. Anders Celsius, wanda ake kiran ma'aunin zafi da sunansa, ya sa an sassaƙa alama a jikin wani dutse a bakin ruwa a 1731 don a riƙa auna abin da ke faruwa, kuma shi a ra'ayinsa ruwan teku ne ke raguwa. Awonsa ya yi kyau, fassararsa ce ta kauce.

Malamin Labarin Ƙasa:
Na gode, ƙanena. To amma da me aka gane cewa Celsius ya kauce? Idan alamar ba ta faɗin wanda ya motsa, kamar yadda Malama ta ce, to wanda ya ce ƙasa ce ta tashi shi ma zato yake yi. Sannan ina jin nauyin in tsaya gaban yara in ce musu dutse mai ƙarfi yana lotsawa yana dawowa, ba tare da na ba su dalilin da hankali zai kama ba.

Ɗalibi a Suwidin:
Allah ya gafarta Malam, hujjar tana cikin maganar ɗalibarka. Da ruwa ne ke raguwa, da ya ragu daidai wa daida a duk faɗin Tekun Baltik, tunda ƙwarya ɗaya ce. Da aka kafa alamomi a wurare da yawa, sai aka ga a arewa sauyin ya kusa santimita ɗaya a shekara, a birnin Stockholm kusan rabin haka, a can kudancin ƙasar kuma kusan babu. Haka nan idan aka bi tsohuwar gaɓa guda ɗaya, wadda a ranar da igiya ta yi ta dole a miƙe take, sai a tarar yanzu ta karkace, ta fi tsayi a inda ƙanƙara ta fi kauri. Ruwa ba ya karkata, don haka ƙasa ce ta karkata.

Dalilin kuwa nauyi ne. Ƙanƙarar da ta rufe wannan yanki ta kai kaurin kilomita 2 zuwa 3. Ɓawon duniya yana zaune ne a kan wani sashe mai zafi wanda, duk da cewa dutse ne, yana iya matsawa a hankali idan aka daɗe ana danna shi shekaru dubbai. Ka kwatanta wa yara da katifar soso: mai nauyi ya kwanta ta lotsa, ya tashi ba ta cika nan take ba, sai a hankali. Wani masani ɗan Sikotlan, Thomas Jamieson, ya kawo wannan bayani tun 1865 bayan ya nazarci tsofaffin gaɓoɓin ƙasarsu. Yau ana auna tashin da na'urorin tauraron ɗan'adam, kuma a gefen mashigin Hudson na Kanada ana samun fiye da santimita ɗaya a shekara.

Injiniyan Tashar Ruwa:
Malamai, na yi shekaru ina aiki a bakin ruwa a Legas, kuma akwai wani tarko na uku da ban ji an ambata ba. Gaɓa tana iya matsowa ko ta ja da baya alhali ba ruwan ne ya sauya tsayi ba, ba kuma ƙasar ba. Yashi ne kawai ya zo ko ya daina zuwa. A gaɓar Afirka ta Yamma igiya tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Da Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a bakin mashigin Legas a farkon ƙarni na 20 don jirage su sami hanya, yashi ya taru a gefen yamma, gefen gabas kuma, wato Bar Beach, ya shiga zaizayewa har ruwa ya riƙa hawa titi. A Keta ta ƙasar Gana teku ya cinye gidaje da wani sashe na ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784, kuma cikin dalilan da ake bayarwa akwai madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, wadda ta tare yashin da kogin Volta ke kaiwa gaɓa. Akasin haka kuma ya faru a tsohon birnin Afisa na ƙasar Turkiyya, wanda a zamanin Rumawa babbar tashar jiragen ruwa ce, yau kuwa kangonsa yana nesa da teku da kilomitoci, domin kogi ya cike mashigin da laka. Wanda ya tsaya a Afisa zai rantse teku ne ya janye, wanda ya tsaya a Keta zai rantse teku ne ya ƙaru. A ra'ayina, nisan gaɓa ba hujja ba ce sam. Tsayi kaɗai ne hujja, kuma shi ma sai an san a wane mataki na ruwa alamar ta samu.

Malama daga Jami'a:
Injiniya ya faɗi gaskiya, musamman maganarsa ta ƙarshe. Shi ya sa alamomin ba darajarsu ɗaya ba. Tudun tsakuwa da guguwa ta jefa zai iya ɗara matakin ruwa da mitoci tun ranar da aka yi shi, saboda haka awonsa yana da faɗi. Kwarmin da igiya ke ƙwaƙulewa a gindin dutsen farar ƙasa, musamman a teku irin Bahar Rum inda cika da janyewar ruwa na kullum ba su da yawa, ya fi shi daidaito ƙwarai, haka ma ramukan da wasu halittun ruwa ke hudawa a dutse.

Misalin da na fi so in ba ɗalibaina yana garin Pozzuoli kusa da Napoli a Italiya. A can akwai kangon wata kasuwar Rumawa da ginshiƙan marmara uku a tsaye. A jikin kowane ginshiƙi, daga wani tsayi zuwa wani, akwai ɗamarar ramuka da wata irin kawa mai huda dutse ta yi, kuma wannan halitta a cikin ruwan teku kaɗai take rayuwa. Ba a gina kasuwa a cikin ruwa, don haka an gina ta a tudu, ta nutse mitoci da dama har kawa ta zauna a jikinta, sannan ta sake fitowa, duk ba tare da ginshiƙan sun faɗi ba. Masanin duwatsu Charles Lyell ya sa hoton waɗannan ginshiƙai a farkon littafinsa na 1830 saboda ƙarfin wannan hujja. A nan babu shakka ƙasa ce ke motsi, domin garin yana zaune a kan yanki mai aman wuta, kuma mutane sun gani da idonsu: tsakanin 1982 da 1984 ƙasar ta ɗaga da kusan mita 1.8, tashar jiragen ta yi wa jirage tudu, aka kwashe dubban mazauna.

Wani lokacin kuma a rana ɗaya abin ke faruwa. A shekara ta 365 girgizar ƙasa ta ɗaga yammacin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, a wasu wurare har kusan mita 9, ta bar tashar jiragen ruwa ta Phalasarna a busasshiyar ƙasa, ambaliyar da ta biyo baya kuma ta afka wa Iskandariyya ta Masar. A 1835, bayan girgizar ƙasar Concepción a Chili, masanin halittu Charles Darwin da FitzRoy, kyaftin ɗin jirgin ruwan da yake ciki, sun ba da labarin kawa da ke manne a duwatsu sama da inda ruwa ke kaiwa, tana ruɓewa. A Turakirae ta Niyu Zilan akwai tsofaffin gaɓoɓi jere kamar matakala, kowace ɗaya girgiza ɗaya, ta baya-bayan nan ita ce ta 1855 wadda ta ɗaga wurin da kusan mita 6.

Ɗan Yerwa:
Ina bin wannan muhawara da sha'awa, kuma ina so in tuna wa Malam cewa ba sai ya kai ɗalibansa Turai a baki ba. Birnin Maiduguri yana zaune a kan wani dogon tudun yashi da masana ke kira Tudun Bama, wanda ya miƙe daga wajen jihar Yobe ya bi ta Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru. Wannan tudu tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce, lokacin da tafkin ya kai girman kusan murabba'in kilomita 350,000, wajen shekaru 7,000 da suka wuce. Tsayin tudun kusan mita 320 ne daga matakin teku, tafkin yau kuma yana wajen mita 280, kuma tsakanin Maiduguri da ruwan akwai fiye da kilomita 100. Kogin Ngadda ma sai da ya keta tudun kafin ya bazu a fadamar Jere. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekaru 8,000. Na girma ina hawa da sauka a wannan tudu ban san bakin ruwa nake takawa ba.

Injiniyan Tashar Ruwa:
Ɗan'uwa, labarin yana da daɗi, amma ina ganin ya fita daga batu. Tafki ba teku ba ne. Tafkin Chadi yana cika ya ragu gwargwadon ruwan sama da abin da kogunan Shari da Logon suka kawo, kuma babu abin da Tudun Bama zai gaya mana game da matakin teku. Ina tsoron kada yara su fita aji suna cewa teku ya taɓa zuwa Maiduguri shekaru 7,000 da suka wuce.

Malama daga Jami'a:
Tsoron Injiniya yana kan hanya, kuma wajibi ne Malam ya bambance musu. Duk da haka ina goyon bayan Ɗan Yerwa a kan amfanin misalin. Aikin igiya iri ɗaya ne a tafki da teku: tana tace yashi, tana jera shi a layi mai tsayi ɗaya, tana barin tudu idan ruwa ya tafi. Yaron da ya fahimci dalilin da ya sa tudu mai tsawon ɗaruruwan kilomita zai kasance a tsayi kusan ɗaya daga farko har ƙarshe ya riga ya fahimci rabin darasin. Kuma wannan daidaiton tsayi shi ne ke nuna cewa a Borno ruwa ne ya tafi, saɓanin Suwidin inda layin ya karkace.

Idan ana neman inda teku na gaske ya taɓa shiga ƙasarmu, sai a tafi Sakkwato. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙarƙashin teku ya taru, cike yake da ɓawon halittun ruwan gishiri, amma wannan magana ce ta shekaru fiye da miliyan 50, kuma gaɓar wancan teku ta daɗe da shafewa, duwatsun kaɗai suka rage. Ba kuma Turawa ne suka fara irin wannan tunani ba. Masanin nan Musulmi Al-Biruni, kusan shekaru dubu da suka wuce, ya lura da tsakuwa da ɓawon halittun ruwa da ake haƙowa a cikin ƙasa, ya ce akwai filayen da a dā teku ne.

Malamin Labarin Ƙasa:
Mun daɗe a kan gaɓar da ta fito. Ina ɗaya ɓangaren, wato wadda ta nutse? A nan ma rikicin ɗaya ne?

Malama daga Jami'a:
Ɗaya ne, sai dai a nan rinjaye yana wajen ruwa, domin ƙaruwar mita 120 bayan narkewar ƙanƙara ta shafi kowace gaɓa a duniya. Kogi ba ya iya haƙa kwarinsa ƙasa da matakin tekun da yake zuba a ciki sosai, don haka idan aka ga kwarin kogi da rassansa cike da ruwan gishiri, kamar a Galisiya ta arewa maso yammacin Sifen, ko mashigin Sidni a Ostireliya, an san an haƙa kwarin ne lokacin da teku ke ƙasa. Gaɓar Gini Bisau da ta Saliyo, har da mashigin da ya ba Firitawun tasharta, suna da irin wannan siffa. Dogayen mashigan Norwe kuwa a yi hattara da su. Sognefjord ya fi kilomita 200 a tsawo, zurfinsa ya wuce mita 1,300, amma ƙanƙara ce ta haƙa shi, ita kuwa tana iya nuƙurƙusar dutse can ƙasa da matakin teku, saboda haka zurfinsa ba awon ƙaruwar ruwa ba ne.

Shaidar da ta fi taɓa zuciyata ita ce ta mutane. A 1931 wani jirgin masunta a Tekun Arewa, tsakanin Ingila da nahiyar Turai, ya jawo dunƙulen ƙasar fadama a komarsa, a ciki aka sami tsinin mashi da ɗan'adam ya sassaƙa. Wurin da jirage ke bi yau ƙasa ce da mutane suka yi farauta a kanta. Kusa da Marsai a Faransa kuma akwai kogon Cosquer, wanda ƙofarsa ke mita 37 a ƙarƙashin ruwa, a cikinsa akwai zanen dawakai da tafukan hannu da aka yi tun kimanin shekaru 27,000 zuwa 19,000 da suka wuce. Waɗanda suka yi zanen da ƙafa suka shiga.

Alhaji na Bur Sudan:
'Yata, na karɓi gyara a kan cewa ƙasa ma tana motsi, domin hujjar karkacewar layi ta shige ni. Abin da ya rage mini shi ne waɗannan shekaru da kuke ambata. Babu wanda ya halarta, babu wanda ya rubuta. Mene ne ya sa zan amince da 125,000 ban amince da 50,000 ba?

Malama daga Jami'a:
Baba, tambayar ta cancanta. Duk abin da ya rayu yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwarsa, don haka ana auna abin da ya saura a itace ko ɓawo a san tsawon lokacin. Wannan hanya ba ta wuce kimanin shekaru 50,000. Murjani kuwa yana ɗaukar ɗan sinadarin yuraniyom daga ruwan teku, wanda ke rikiɗewa zuwa wani sinadari a kan ƙa'ida sananniya, kuma da shi ake kaiwa shekaru dubu ɗari da ɗoriya. Ana yin kuskure, musamman idan ruwan sama ya daɗe yana ratsa murjanin, shi ya sa ba a dogara da samfuri ɗaya. Abin da ke ba da natsuwa shi ne a ga matakalar murjani a tsibirin Barbados da ta yankin Huon a Papuwa Niyu Gini, masu nisan duniya tsakaninsu, sun ba da shekaru iri ɗaya.

Akwai kuma inda rubutu ya gaskata awo. A gaɓar arewa maso yammacin Amurka akwai matattun dazuzzuka a tsaye cikin fadamar ruwan gishiri. Zoben da ke cikin kututturan, wanda bishiya ke ƙara ɗaya duk shekara, ya nuna bishiyoyin sun mutu tare, bayan daminar 1699, alamar ƙasa ta faɗa farat ɗaya ruwan gishiri ya shiga saiwoyinsu. A can Japan kuma ma'aikatan hukuma sun rubuta cewa wata ambaliyar teku ta afka musu a watan Janairun 1700 ba tare da sun ji girgiza ba. Da aka haɗa biyun aka gane girgiza ɗaya ce, ta ranar 26 ga Janairu, 1700.

Injiniyan Tashar Ruwa:
Malama, bari in faɗi abin da na san wasu masu karatu suna rayawa. Idan teku ya taɓa sauka mita 120 ya kuma hau ba da hannun kowa ba, ƙaruwar da ake ta magana a kanta yau, wadda ba ta wuce kimanin santimita 20 ba tun daga 1900, ba ƙaramin abu ba ne a kusa da wancan? Ni kaina na fi damuwa da nutsewar ƙasa, domin a birane irin Jakarta ta Indonesiya yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa yana sa unguwanni nutsewa da santimitoci a shekara, kuma sassan Legas da aka cike da yashi su ma suna zama.

Malama daga Jami'a:
A kan nutsewar ƙasa ba mu da saɓani, kuma a wasu birane ita ce ta fi gaggawa. Amma biyun taruwa suke yi a kan gida ɗaya, kamar mutumin gulbin nan ne ƙafarsa na nutsewa ruwa kuma na ƙaruwa. Game da kwatancen da ka yi, tsofaffin gaɓoɓin sun nuna wani abu da ya kamata a lura da shi: bayan babbar ƙaruwar da ta biyo narkewar ƙanƙara, teku ya lafa tun kimanin shekaru 6,000 da suka wuce, kuma a cikin wannan lafawa ne aka kafa kusan duk biranen bakin ruwa da muka sani. Mafarautan Tekun Arewa sun iya naɗe kayansu su koma tudu, Legas da Iskandariyya ba za su iya ba. Awon tauraron ɗan'adam tun 1993 yana nuna ƙaruwar fiye da milimita 3 a shekara, kuma saurin yana daɗuwa. Murjanin da Alhaji ke gani a tudu, idan ya tabbata na shekaru 125,000 ne, to yana nuna inda ruwa ya kai a zamanin da ɗumin duniya bai fi na yau da wani abu mai yawa ba, kuma wannan ne ya sa masana ke ta komawa su sake auna shi.

Malamin Labarin Ƙasa:
Allah ya saka da alheri, na janye maganata ta farko. Ranar Litinin zan shiga aji da faranti mai zurfi da yashi da ruwa. Zan sa su kaɗa ruwan har ya yi layi a jikin yashin, sannan rukuni ɗaya su kwashe ruwa da kofi, ɗaya rukunin kuma su cusa katako a ƙarƙashin gefe ɗaya na yashin su ɗaga shi, mu ga wane layi ne ya tsaya a miƙe, wanne ya karkace. Yarinyar da ta yi tambayar ita zan ba ma'auni. Ɗan Yerwa, ko za ka taimaka mini da hoton Tudun Bama a inda ake ganin cikinsa?

Ɗan Yerwa:
In Allah ya yarda, Malam. Akwai wuraren da masu ɗiban yashi suka yanke gefen tudun, ana ganin yashin a shimfiɗe hawa-hawa. Zan je da safe kafin rana ta yi tsaka, in sa wani ya tsaya a gindin ramin don yara su gane tsayinsa, in kuma ɗebo yashin a kwalba in ba direban motar Zariya ya kawo maka.